Harajin AES na 0,5% bai hana shigo da kayan waje ba, bai kuma isa ya kare na gida ba

A babbar kasuwar Tahoua na tsaya bayan wata dattijuwa da ta zo sayen buhun shinkafa mai kilo 25. Mai shagon ya faɗa mata kuɗin da ya zarce na watan jiya da jika guda, ta kwance bakin zanenta ta sake ƙirga abin da ta ƙullo, ta ga bai kai ba. Ya ce mata: "Inna, ba laifina ba ne, sabon harajin AES ne, kuma an ce nan gaba kaɗan ma za a hana shigo da ta waje baki ɗaya." Ta ce: "To ɗana, ta gida fa, nawa take?" Ya ce ta ƙare, kuma ko da akwai ta fi wannan tsada. Irin maganar ce ke yawo a saƙonnin murya na WhatsApp: wani ya ce kashi 5 cikin 100 aka ɗora, wani ya ce rabin kuɗin kaya ne, wani kuma ya rantse cewa ma'aikatan duwan za su bi shaguna suna kwashe duk abin da ba a ƙasar nan aka yi shi ba. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke cikin matakin da aka ɗauka.

Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato CEDEAO, ranar 29 ga Janairun 2025. Ranar 28 ga Maris na shekarar, ƙawancen ƙasashen uku, wato AES, ya amince da wani haraji na 0,5% a kan kayan da ake shigowa da su daga wajen ƙasashen, domin a samu kuɗin tafiyar da ayyukan ƙawancen. Mai biyansa shi ne wanda ya shigo da kayan, kuma an keɓe kayan agajin jin ƙai.

Lambar ita ce ta fi ruɗa mutane, domin da yawa suna jin "biyar" a ƙarshenta sai su ɗauka kashi biyar ne. Rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari, ma'ana dala ɗaya (sefa 5) a kan kowace jika (sefa 1000). Idan, a misali, duwan ta ƙiyasta darajar buhun shinkafa a kan jika goma, abin da wannan haraji zai ci a kansa dala goma ne, wato sefa 50. Babbar motar da ta ɗauko kayan miliyan goma za ta biya jika hamsin a kan lodin gaba ɗaya. Kuma a kan darajar kaya lokacin shigowarsu ake lissafin, ba a kan kuɗin da ake sayar da su a shago ba, sannan sau ɗaya ake biya a wurin fitar da kaya daga duwan. Babban ɗan kasuwa na Yamai ya biya, mai sari a Tahoua ba zai sake biya ba, balle mai teburin da ke aunawa da tiya. Saboda haka ƙarin jika guda a kan buhu ɗaya ya ninka abin da harajin zai iya jawowa sau ashirin, kuma dole a nemi dalilinsa a wani wuri.

Akwai kuma abin da masu yaɗa maganar ba sa faɗa. Tun muna cikin CEDEAO ana karɓar 0,5% a kan kayan da suka fito daga wajen yankin, ana zuba shi a asusun ƙungiyar. Ministan kuɗi na Mali ya bayyana cewa sabon harajin ya maye gurbin wancan ne. Ke nan shinkafar Tailan ko ta Indiya, da taliyar Turkiyya, da kwanukan Sin, abin da suke biya jiya shi suke biya yau, asusun da kuɗin ke shiga ne ya sauya.

Inda aka samu sabon abu shi ne kayan Najeriya, kuma mu mutanen jihar Tahoua wannan ya fi shafa, tunda sabulu da robobi da takalma da lemun kwalba da yawa ta Illela suke ƙetarowa zuwa Ƙonni. A da kayan da aka ƙera a Kano ko Legas kayan cikin ƙungiya ne, yanzu kuwa Najeriya tana cikin ƙasashen waje a idon wannan haraji. A nan ne kalmar "asali" take da nauyi, kuma ita ce ta fi jawo gardama a bakin iyaka. A ƙa'idar duwan, asalin kaya shi ne inda aka noma su ko aka ƙera su, ba inda aka yi musu lodi ba. Shinkafar Asiya da aka sauya wa buhu a Wagadugu ba ta zama ta Burkina ba, kamar yadda albasar Galmi ba ta zama ta Gana don an sayar da ita a Kumasi. Wanda ya ce kayansa na cikin ƙawance ne, takardar shaidar asali ce za ta tabbatar masa, ba rubutun da ke jikin buhu ba. Kayan da suka taso daga tashar jiragen ruwa ta Lome suka ratsa Burkina zuwa Yamai kuwa, ratsawa kawai suka yi, suna nan a matsayinsu na kayan waje.

Maganar hani da ƙwace kaya daga wani mataki daban ta samo asali, mutane suka gwama biyun. A watan Oktoban 2024 gwamnati ta hana fitar da shinkafa da gero da dawa da masara da wake zuwa ƙasashen waje, in ban da Mali da Burkina Faso, domin abinci ya wadata a kasuwannin gida. Wannan hani na fitarwa ne, ba na shigowa ba, kuma shi ne aka ce wanda ya karya shi za a iya ƙwace masa kaya har a gurfanar da shi gaban shari'a. Direban da aka kama da lodin wake ya nufi iyaka shi ke cikin haɗari. Matar da ta sayi shinkafar waje don tukunyarta ba ta taka wata doka ba, haka mai shagon da ya saro kayan da aka biya musu duwan. Wanda ya ɓoye darajar kayansa ko ya bi ta barauniyar hanya, hukuncin fasa-ƙwauri ne ke jiransa, kuma wannan hukunci ya girmi AES da shekaru masu yawa.

Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, suna murnar cewa harajin zai tilasta wa mutane sayen kayan gida. Ina fata haka ne, amma sefa 50 a kan buhu ba za ta sauya ra'ayin kowa ba. Abin da ke iya kare kayan gida shi ne babban kuɗin fito na bai-ɗaya da ake aiki da shi tun 2015, mai matakai biyar: 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin 100. A wannan jadawali shinkafa tana kan 10, garin madarar da ake shigowa da shi cikin manyan buhuna yana kan 5. Ƙasar da ke da garken shanu da awaki da raƙuma irin namu tana buɗe ƙofa ga garin madara a kusan mataki mafi sauƙi, alhali Bafulatanar da ta ɗauko nono daga ruga ba ta da inda za ta sanyaya shi kafin rana ta take. Manomin shinkafa na bakin kogi a Tillaberi ko Kollo ko Gaya yana biyan taki da kuɗin wutar injin ban-ruwa da na sussuka, sannan ya zo ya yi gogayya da shinkafar da ta sauko daga jirgin ruwa dubban tan a lokaci guda. Tsadar da kayan wajen suka yi kuma, babban dalilinta hanya ce: tun da iyakar Benin ta rufe a 2023, motocin da a da ke tasowa daga Kwatano suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, suna jiran rakiyar sojoji, kowane kwanan jira kuwa a kan buhu ake ɗora shi.

Abin da ban gamsu da shi ba shi ne yadda nauyin ya rabu. Manomin wake na Madawa ko Ƙonni an rufe masa kasuwar Najeriya da ta saba sayen amfaninsa da daraja, don a sauƙaƙa wa mai saye a birni, amma abincin da ke gogayya da nasa yana shigowa da fito mai sauƙi. Na fahimci dalilin gwamnati, domin yunwa ba ta jira, sai dai wanda aka hana shi kasuwa ya cancanci a saya daga hannunsa da farashi mai kyau, musamman lokacin da hukumar tanadin abinci ta ƙasa, OPVN, ke cika rumbunan tsimi. Haka kuma watan Oktoba da ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma, suka keɓe tun 2020 don ƙarfafa cin kayan gida ba zai yi tasiri ga dattijuwar nan ba muddin ta tambayi ta gida aka ce mata ta ƙare. Ba zan zarge ta ba don ta ɗauki mai araha, da abin da ke bakin zanenta take ciyar da gida.

Ranar dai rabin buhu ta saya ta tafi. Mai shagon yana iya samun hujjar ƙarinsa a kuɗin mota ko a farashin da ya saro, kuma idan haka ne sai ya faɗi hakan. Wanda aka ce masa harajin AES ne ya ƙara jika guda a kan buhu yana da damar ya nemi a lissafa masa dala ɗaya a kan kowace jika a gabansa, in kuma ƙarin ya wuce hankali ya kai kuka ofishin kula da harkokin kasuwanci na jiha.