Ma'anar maganaɗisu, da dalilin da ya sa ba ya jan ƙarfen da ke cikin jini

Tun da aka fara baje wasu awarwaro masu ƙananan baƙaƙen duwatsu a kasuwar Dole, kalmar maganaɗisu ta shiga bakin kowa a Damagaram. Masu talla a rediyo suna cewa awarwaron yana jan ƙarfen da ke cikin jini ya daidaita gudunsa, saboda haka wai yana maganin hawan jini da ciwon gaɓoɓi. Maroƙa kuma suna yi wa manya kirari da maganaɗisu mai jan jama'a, wannan kuwa salon magana ne, ba ni da ja a kansa. Abin da ya dame ni shi ne na masu talla, domin gwaggona ta ba da jaka biyar ta sayi guda, kuma da na ce mata, "Gwaggo, me mutumin ya ce miki yana yi?" sai ta amsa da cewa, "Ɗana, ai likita da bakinsa ya ce akwai ƙarfe a jini, shi kuwa mayen ƙarfe aikinsa ke nan." Duka maganganunta biyu gaskiya ne, amma da aka haɗa su sai suka haifi kuskure, kuma irin wannan kuskure ya fi ƙarya tsagwaronta wuyar cirewa daga kan mutum.

Kalmar ta zo mana daga Larabci, su ma Larabawa sun aro ta daga Girkawa, waɗanda suka sa wa wani dutse mai jan ƙarfe sunan wani yanki da ake kira Magnesiya. Harafin ɗ da ke cikinta, wanda masu rubutu a waya suke yawan yarwa, shi ne ya tsaya a madadin ɗa mai hannu ta Larabci, kamar yadda ya tsaya a ɗabi'a da ɗawafi da sharaɗi. Sunanmu na gida, mayen ƙarfe, ya fi daɗin faɗa, sai dai ina zargin yana cikin abin da ya jawo ruɗanin, domin yana sa mutum ya ɗauka duk inda ƙarfe yake, a kowace siffa, mayen zai kama shi.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun riga mu sanin ba haka abin yake ba. Kowannensu yana yawo da maganaɗisun tsohuwar lasifika a aljihu, ya ɗora a kan kaya: in ya manne baƙin ƙarfe ne, in ya zame to tagulla ce ko alminiyom, kuma farashinsu daban. Maƙera ma sun san wani abu da ya fi wannan ban mamaki, wato baƙin ƙarfen kansa, idan ya yi ja wur a wuta har zafinsa ya wuce digiri 770, maganaɗisu ya daina kama shi sai ya huce. Ƙarfen bai je ko'ina ba, tsarin cikinsa ne ya wargaje.

Ga yadda tsarin yake. Kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani da ake kira zarra, a cikin kowace zarra kuma akwai wasu ƴan ɓurɓushi da ake kira elektron, kowannensu yana aiki kamar ƙaramar allurar nuna alƙibla. Yawancinsu suna zaune bibbiyu, ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli ƙasa, ƙarfinsu ya kashe juna. Waɗanda suka rage ba abokin zama su ne tushen maganaɗisu, amma samunsu kaɗai bai isa ba, sai sun yarda sun fuskanci gefe guda kamar sahun salla. A cikin gatari ko galma zarrar ƙarfe tana jingine da ƴar'uwarta, kowace tana tilasta wa maƙwabciyarta bin sahu, shi ya sa ake jin jan a hannu. Zafi kuwa yana watsa sahun, kamar yadda maƙeri yake gani.

To ƙarfen jini ba ya cikin wannan sahu ko kaɗan. Duk ƙarfen da ke jikin babban mutum kusan giram huɗu ne, kwatankwacin ƙaramar ƙusa, kuma wanda ke cikin jini a warwatse yake zarra ɗaya ɗaya. Kowace zarra tana zaune a tsakiyar wani zobe, zarrar naitirojin huɗu sun riƙe ta ta gefe huɗu, furotin ɗin jini ya riƙe ta ta ƙasa, an bar mata gurbi na shida a sama domin ɗaukar iskar oksijin daga huhu. Irin wannan gini, ƙarfe a tsakiya da masu riƙe shi kewaye da shi, shi masana sinadarai suke kira haɗin ƙarfe da mariƙansa, kuma Alfred Werner ne ya fara fayyace shi a Zurik a 1893, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1913. Mariƙan nan ba ado ba ne, su ne suke yanke hukuncin launin ƙarfen da halinsa, har da ko elektron ɗinsa za su zauna bibbiyu ko a ware. Gurbin nan na shida ma shi ne dalilin da hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu yake kisa, domin iskar da ke fita daga gare shi tana kama gurbin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200.

A 1936 masana sinadarai Linus Pauling da Charles Coryell suka auna yadda maganaɗisu yake yi da jini a Amurka, kuma sakamakonsu ya kamata a karanta wa duk mai sayar da awarwaro. Jinin da ya ɗauki oksijin ba shi da elektron ko ɗaya da ke zaune shi kaɗai, saboda haka maganaɗisu ba ya jan sa, ture shi ma yake yi kaɗan kamar yadda yake ture ruwa. Wanda ya sauke oksijin ɗinsa yana da guda huɗu a kan kowace zarrar ƙarfe, kuma ana ɗan jan sa, amma jan da sai na'ura mai tsananin lura take iya ganewa. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da likitocinmu suke kira IRM tana da maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1.5 zuwa 3, wanda zai iya fizgo tukunyar gas daga ƙofar ɗaki, duk da haka majiyyaci yana kwanciya a cikinta rabin awa ya fito jininsa bai taru a gefe guda ba. Wannan ɗan bambanci tsakanin jinin biyu shi ne wani masani mai suna Seiji Ogawa ya nuna a 1990 cewa ana iya amfani da shi a wannan na'ura a gano ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke aiki. Wannan ne amfanin maganaɗisun jini na haƙiƙa, kuma a ganina ya fi tatsuniyar awarwaro ƙayatarwa nesa ba kusa ba.

Akwai masanan da suka ƙarar da rayuwarsu a kan tambayar da ta biyo baya: tun da mariƙa ne suke sarrafa halin ƙarfe, ba za a iya zaɓar mariƙan da gangan a gina maganaɗisu zarra bayan zarra ba? Bafaranshen nan Olivier Kahn, wanda ya rasu a 1999, yana cikin waɗanda suka kafa wannan fanni. A 1980 wani masani a Poland, Tadeusz Lis, ya haɗa wani dunƙule mai zarra 12 na wani nau'in ƙarfe da ake kira manganis, waɗanda oksijin da tsamin binega suka ɗaure wuri guda, aka ajiye shi shekaru ba a san darajarsa ba. Sai a 1993 Roberta Sessoli, wadda ta yi karatun digirinta na uku a hannun Dante Gatteschi a Florens ta ƙasar Italiya, ita da abokan aikinta suka nuna cewa wannan dunƙule guda ɗaya tak, ba tare da taimakon maƙwabta ba, yana riƙe alƙiblar da aka juya shi har tsawon watanni. Shi manganis ɗin ma sunansa daga Magnesiya ya samo asali, kamar dai kalmar ta zaga ta koma gida.

Sai dai a nan ne masu kawo labarin kimiyya suke yin nasu zuzutawar, su ce gobe za a zuba dukan littattafan duniya a cikin abin da bai kai ƙwayar gero ba. Abin da ba sa faɗa shi ne dunƙulen Sessoli yana aiki ne kawai a sanyin da ya kai kusan digiri 269 ƙasa da sifiri, da ya ɗan ji ɗumi sai ya manta alƙiblarsa. An yi shekara 25 ana canza ƙarfen tsakiya da mariƙansa kafin a 2018 a sami wani dunƙule mai zarra guda ɗaya ta wani nau'in ƙarfe da ake kira disforosiyom, wanda ya jure har digiri 193 ƙasa da sifiri, aka yi murna domin ya haura sanyin ruwan naitirojin da digiri uku. Ga mu nan kuma a garin da watan Afrilu yake kai mu sama da digiri 40 a inuwa, tazararmu da dunƙulen nan na 2018 ta fi digiri 230.

Gwaggona dai har yanzu tana sanye da awarwaronta, ta ce ko ba komai ya yi mata kyau a hannu, ni kuma na amince da hakan bisa sharaɗin ba za ta bar shan ƙwayoyin hawan jinin da aka rubuta mata a asibiti ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na tarar ta cire shi tana tsince allurar ɗinkinta da shi daga cikin yashin tsakar gida.