Tsaftace ruwan ƙazanta da gansakuka

Tsaftace ruwan ƙazanta da gansakuka hanya ce ta renon ƙananan halittun ruwa masu launin kore, waɗanda ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu, a cikin ruwan kwata, na masai ko dagwalon masana'antu, domin su tsotse sinadaran nitirojin da fosforas. Daga baya a kwashe gansakukar a sarrafa ta zuwa makamashi. Nau'o'in da aka fi samu a tafkunan da ake yin wannan aiki su ne Chlorella da Scenedesmus.

Yadda take aiki

Aikin haɗin gwiwa ne tsakanin gansakuka da bakteriya. Gansakuka na amfani da hasken rana ta saki iskar oksijin, bakteriya su yi amfani da iskar su ruguza ƙazantar, su kuma fitar da iskar kabon da gansakukar ke buƙata. Haka ake rage kuɗin lantarkin da matatun ruwa ke kashewa wajen hura iska. Tafkunan ba su da zurfi, galibi santimita 20 zuwa 40, kuma akwai injin mai fukafukai da ke zagaya ruwan don kowace ƙwaya ta samu rana.

Tarihi

Asalin fasahar yana komawa ga William Oswald na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda ya fara gwaje-gwajensa wajajen farkon shekarun 1950. A 1960 shi da abokin aikinsa Clarence Golueke suka ba da shawarar a riƙa tsima gansakukar da aka girbe don samun iskar gas ta mitan.

Tsadar man fetur ta shekarun 1970 ta sa Ma'aikatar Makamashi ta Amurka buɗe wani shiri na musamman na binciken samar da mai daga gansakuka a 1978. Masu binciken sun tattara nau'o'i kusan 3,000, suka tace su zuwa kimanin 300 masu yawan maiƙo, sannan suka gwada manyan tafkuna a Roswell ta jihar New Mexico, inda sanyin hunturu ya rage amfanin. An rufe shirin a 1996, lokacin da mai ya yi araha. Abin lura shi ne rahotonsu na ƙarshe ya nuna cewa haɗa noman gansakuka da tsaftace ruwa ne ya fi kusa da biyan kuɗin kansa, wato an dawo kan tunanin Oswald.

A 2009 an buɗe tafkunan gwaji masu faɗin hekta 5 a Christchurch ta ƙasar New Zealand. Shirin All-gas na garin Chiclana a Sifaniya, da tallafin Tarayyar Turai, ya samar da gas daga ruwan ƙazantar garin har aka zuba wa motoci.

Makamashi

Ana tatse maiƙon gansakukar a yi bayodizal, wato man dizal da ake samu daga abu mai rai, ko a tsima gansakukar a samu gas, ko a dafa ta da zafi da matsi mai yawa ta zama ɗanyen mai.

Matsaloli

Babbar wahala ita ce girbi. A tafkin da ke buɗe, gansakukar da ke cikin lita ɗaya ba ta cika kaiwa giram ɗaya ba, saboda haka raba ta da ruwa da busar da ita na cin makamashi sosai. Ana kuma buƙatar fili mai faɗi, ƙananan halittu masu cin gansakuka na iya cinye tafki cikin 'yan kwanaki, kuma wadda ta tsotsi gubar ƙarfe daga dagwalon masana'antu ba ta dace da taki ko abincin dabbobi ba.

Har yanzu masana na saɓani kan ko man gansakuka zai iya gogayya da fetur a farashi. Kamfanin man fetur na ExxonMobil, wanda ya shiga harkar a 2009, ya janye tallafinsa bayan fiye da shekaru goma.