Bindigar iska: abin da dokar Najeriya ta ce a kanta

Mutane da yawa suna ɗaukar bindigar iska kamar danƙon harbin tsuntsu ne da aka yi wa kwaskwarima. Ba ta cin albarushi, ba ta da ƙara sosai, harsashinta ɗan guntun dalma ne mai faɗin milimita 4.5 ko 5.5. Iska ce da aka matse ke tura shi, ko ta hanyar sifirin da ake ɗanawa in an karya bindigar gida biyu, ko ta ƙaramar tukunyar gas. Shi ya sa za ka ga magidanci ya saya don korar kurciya da hasbiya daga gona, ko ma ya saya wa ɗansa kyauta. To a idon doka wannan bindiga ce sosai, kuma riƙe ta ba lasisi laifi ne da ke kai mutum gidan yari.

Dokar da ke magana a kai ita ce Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita. Ta kasa bindigogi gida uku. Kashi na farko su ne haramtattu, irin su mashinga, bindigogin soja da fistol, waɗanda sai Shugaban Ƙasa ne kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu. Kashi na uku su ne na gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, wato su harba-ka-ruga na maharba, kuma sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sandan jiha. A tsakiya akwai bindigogin amfanin kai, kuma a nan ne dokar ta ambaci bindigar iska da sunanta, doguwa da gajeriya, a jere ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. Sashe na 4 ya ce ba wanda zai mallaki irin waɗannan sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Wanda ya saɓa, sashe na 27 ya tanadar masa ɗaurin da zai iya kaiwa shekara 5.

Abin lura shi ne dokar ba ta dubi ƙarfin bindigar ba, kuma daga nan ruɗanin yake tasowa. Da yawa daga cikin bidiyon bindigar iska da matasanmu ke kallo a YouTube daga Amurka da Ingila suke zuwa. A Ingila, wanda ya kai shekara 18 zai iya mallakar doguwar bindigar iska ba lasisi muddin ƙarfinta bai wuce wani mizani da dokarsu ta gindaya ba. Ko a can ɗin ma, makwabciyarsu Sikotland ta wajabta takardar izini tun ƙarshen 2016. Tamu dokar ba ta yi wannan rangwamen ba, mai ƙarfi da mara ƙarfi duk hukuncinsu ɗaya.

Lasisin kuma ba haƙƙi ba ne da za ka ce dole a ba ka. Sashe na 6 ya hana a bai wa wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai matsalar gani, da wanda shaye-shaye ya yi wa katutu, da wanda kotu ta samu da laifin ta'adi ko barazanar ta'adi cikin shekara 5 da suka wuce. Ke nan yaron da bai kai shekara 17 ba ba shi da hanyar riƙe ta bisa doka, ko da mahaifinsa ne ya saya. Wannan ne ya fi damuna, domin yara ne suka fi sha'awarta, kuma ɗan guntun dalmar nan yana fasa ido, yana iya kisa in ya sami kai ko wuya daga kusa.

Kayan haɗinta ma ba su tsira ba. A ma'anar da dokar ta bayar, kowane ɓangare na bindiga bindiga ne, don haka wanda ya yi odar bututun daban, kunamar daban, da tunanin zai haɗa a gida, bai kauce wa komai ba. Harsashi shi ma sai mai lasisi, sayarwa kuma sai dilan da aka yi wa rajista. Shigo da ita daga waje yana buƙatar izini na daban, kuma sai an bayyana ta ga jami'an kwastam. Cewa "a intanet na saya" ba hujja ba ce a gaban alƙali.

Ga kuma halin da ake ciki. A watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar cewa rundunar ta dakatar da ba da lasisin bindiga saboda yawan makamai a hannun jama'a. Kafin ka ba kowa kuɗinka, ka fara zuwa hedikwatar 'yan sandan jiharku ka tambaya ko ana bayarwa. Wanda kuma ya riga ya saya, ko ya gaje ta a kayan mahaifi, kada ya ɗauka lasisin mamaci ya rufe shi, domin lasisi na mutum ɗaya ne da sunansa. Ya nemi lauya ya raka shi ya miƙa ta ga 'yan sanda, ya kuma karɓi takardar shaidar miƙawa ya adana.