Birkin bakin bindiga: me ake nufi da shi?

A gareji a Farin Gada, cikin Jos, wani yaro ya miƙo mini wayarsa, bidiyon wani Ba'amurke kwance rub-da-ciki yana harbin faifan ƙarfe daga nisan mita 1,000. Ya nuna wani ɗan guntun ƙarfe mai tagogi a hancin bindigar, ya ce, "Baba, wannan salansa ce ko?" Na ce masa ina, kishiyarta ce ma. Turawa na kiransa mazul birek, mu kuwa sai mu ce birkin bakin bindiga.

Sunan yana ɗan rikitarwa, don ba harsashi yake taka wa birki ba. Bindigar yake tsayarwa. Duk wanda ya taɓa ganin maharbi ya saki adaka ya san shurin da take yi: harsashi ya yi gaba, gindinta ya daki kafaɗa. Abu biyu ne ke haifar da shurin nan. Akwai nauyin harsashin da gudunsa, akwai kuma iskar albarushi da ke biyo bayansa. Ɗauki harsashin .308 Winchester: kansa kimanin giram 11 ne, yana fita da gudun wajen mita 800 a daƙiƙa, albarushinsa kuwa bai kai giram 3 ba sosai. Sai dai iskar nan ta fi harsashin gudu idan ta samu ƙofa, shi ya sa ƙanƙantarta ba ta hana ta ba da nata kason na dukan ba.

Wannan kason birki yake farauta. A cikinsa akwai 'yan bangaye a jere, kowanne da rami a tsakiya inda harsashi zai wuce ba tare da ya taɓa komai ba. Iskar da ta biyo baya sai ta daki bangayen, ta tura bindigar gaba, sannan ta fice ta tagogin gefe. Mai kyau daga ciki yana iya cinye kusan rabin shurin babbar bindiga. Barrett M82, mai harsashi milimita 12.7, da faffaɗan birki a hanci take fitowa daga masana'anta, kuma tun Yaƙin Duniya na Biyu ake ganin irinsa a bakin igwa da tankoki, har da tankar Tiger ta Jamus.

Amma masu harbin nesa ba don tausayin kafaɗa kawai suke sa shi ba, kuma a ganina nan ne ainihin maganar take. Harsashi kan ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi ko fiye kafin ya kai mita 1,000. Idan bindiga ta yi tsalle, abin da kake kallo ya ɓace daga madubin saiti, kafin ka dawo ƙura ta lafa, ba ka san hagu ka kuskure ko dama ba. Idan kuwa ta zauna daram, da idonka za ka ga inda ƙasa ta tashi, ka gane yadda iska ta kaɗa harsashin, ka gyara na biyu. Ga kuma maganin zabura: wanda bindiga ta saba duka yakan runtse ido ya fizgi kunama tun kafin ta tashi. Birki ba ya ƙara wa bututu daidaito ko kaɗan. Mai riƙe da bindigar yake gyarawa.

Yana da 'yan uwa da ake yawan haɗa su. Salansa tana riƙe iskar ne ta rage ƙara. Akwai mai ɓoye walƙiyar wuta. Akwai kuma mai danne hanci kada ya ɗaga sama. Idan ka lura da AKM a kafaɗar ɗan sanda a shingen hanyar Akwanga, wancan yankan karkace na bakinta aikinsa ke nan.

Ladan birki kunne ke biya. Ƙarar babbar bindiga dama ta haura desibel 140 a ma'aunin ƙara, iyakar da ake cewa harbi guda yana iya lalata ji, birki kuma sai ya juyo da ita gefe da baya, wajen mai harbi da na kusa da shi. Wanda ke kwance a gefenka zai ji kamar an mare shi da faifai. Don haka masana abin ke sa toshiya a cikin kunne su ɗora marufi a kai. Gasar harbin nesa ta F-Class, inda ake kwanciya kafaɗa da kafaɗa, ta haramta shi gaba ɗaya, alhali a gasar Precision Rifle Series ta Amurka yawancin 'yan wasa da shi suke shiga.

Wajen zaɓe, ramin tsakiya dole ya dace da kaurin harsashi, zaren murɗawa kuma ya dace da na bututu: zare mai ma'aunin 5/8x24 aka fi samu a bindigogi masu harsashi dangin .30, 1/2x28 a dangin .223. Idan ya zauna a karkace harsashi zai daki bango, wannan kuwa haɗari ne, ba aikin mai walda na bakin titi ba ne. Mai tagogi kewaye har ƙasa bai dace da harbin kwance ba. A busasshiyar ƙasar Filato cikin hunturu, harbi ɗaya zai tirniƙe ka da jar ƙura. Sannan duk lokacin da aka sa shi ko aka cire, sai an sake saiti, domin nauyinsa yana sauya inda harsashi ke sauka.

A nan gida, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja a rukunin da sai da lasisin Shugaban Ƙasa, na farauta da wasa a hannun Sufeto Janar, adaka kuma wajen Kwamishinan 'Yan Sanda. Shi ya sa yawancinmu a waya za mu ci gaba da ganin abin, ko a hannun sojojin barikin Rukuba. Yaron ya karɓi wayarsa, ya mayar da bidiyon baya, wannan karon yana kallon ƙurar da ke tashi a gefe biyu na hancin bindigar.