Hutu Ya Zo: Tambayoyin da Iyayen Aboabo Suke Yi Mini Kullum

Duk ranar da aka rufe makaranta, kafin in kai bakin titi in shiga trotro, motar hayarmu, sai iyaye uku ko huɗu sun tare ni da tambayoyi iri ɗaya. Shekara da shekaru ina koyar da 'yan aji uku na firamare a nan Kumasi, bakina ya gaji da maimaitawa. Ga su a rubuce. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

Malama, dole ne yaro ya yi karatu a hutu?

Dole ne. Rabin awa kullum ta isa. Yaron da ya jefa jakarsa ƙarƙashin gado tun ranar rufewa, mu ne muke shan wahalar farfaɗo da shi in an dawo.

Ba ni da kuɗin sayen littafi.

Wa ya ce sai littafi? Gwangwanin Milo yana da rubutu, bayan trotro yana da rubutu, allunan shagunan kasuwar Kejetia ba sa ƙirguwa. Ya karanta miki da ƙarfi. Kuma akwai laburaren yankin Ashanti a harabar Cibiyar Al'adu, wajen Bantama, ku kai shi ko sau ɗaya ne ya ga inda littattafai suke.

Ya faɗi a lissafi. In zane shi?

A'a, Baba. Hukumar ilimi ta Gana, GES, ta hana mu bulala a makaranta tun 2017, kuma ban taɓa ganin dorina ta koya wa yaro rabawa ba. Aike shi sayen koko da ƙosai da sidi goma, ya lissafa canjin kafin ya bar ƙofar gida.

Tun da Turanci da Twi ake yi a aji, mu daina yi masa Hausa a gida?

Kada ku kuskura. Hausa ba ta cikin harsunan da ake koyarwa a makarantun gwamnati a nan, in kun sake ta a gida, ina zai same ta? Kakarsa ta yi masa "ga ta nan, ga ta nanku" da dare, da safe ya maimaita muku labarin da bakinsa. Yaron da ya iya jera labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa ba ya shan wuyar jera shi da Turanci.

Malama, ɗiyata tana zuwa makarantar allo da safe, tana taya ni sayar da wake da shinkafa da rana, yanzu babanta ya ce a biya mata lesin na hutu. Ni ban yi boko ba. Yaya zan yi?

Hajiya, zauna, wannan ba a amsa ta a tsaye. Ya danganta da yarinyar, ya danganta da mai lesin, ya kuma danganta da aljihunku.

Ki fara gwada ta. Ko ba ki iya karatu ba, kina da kunne. Ba ta littafin ajin da ta gama, ki buɗe tsakiya, shafin da ba ta saba da shi ba. In ta tafi sumul, ta kuma iya gaya miki da Hausa abin da ta karanta, to ban ga dalilin kashe kuɗi ba, karatun rabin awa ya wadatar. In kuwa ta tsaya tana kallon hoto tana cinke, ko ta rera miki shafin farko kamar hadda amma ta kasa nuna kalma ɗaya da yatsa, akwai aiki. Yaranmu na Zongo sun ƙware a hadda saboda allo, wannan baiwa ce, amma sau da yawa tana ɓoye mana wanda bai iya haɗa baƙi ba har ya kai aji huɗu.

Ko a nan ma ba zan ce ki ruga ki biya ba. Je ki leƙa wurin tukuna. In yara ne cunkushe a ɗaki ɗaya, manya da ƙanana, ana kwafe abin da aka rubuta a allo, ki riƙe kuɗinki. Wata ƙila yayarta ko ɗan maƙwabta da ke ƙaramar sakandare (JHS) ya fi amfani, in zai zauna da ita bayan la'asar. In kuwa yaran kaɗan ne, malamin yana sauraron kowa yana karantawa, kuma kuɗin ba zai taɓa jarinki ba, ki gwada mako biyu ki sake buɗe mata wancan shafin.

Makarantar allo kada a taɓa ta. Taya ki sana'a ma ban hana ba, lissafi ne a aikace, amma a rumfa kusa da ke, ba yawon talla har magariba ba. Kuma a bar mata lokacin wasa, 'yar shekara takwas ce. Ki gaya wa babanta haka cikin lalama, niyyarsa mai kyau ce.

Har sai an tambayi yaro ra'ayinsa? Yaro ne fa.

Wannan ce take ɓata mini rai. Akwai wata yarinya da na koyar, kullum tana bencin baya, littafinta fari fat, a gida an gama yanke mata hukunci cewa daƙiƙiya ce. Ran nan na tsugunna kusa da ita na ce me ke hana ki rubutu. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, can ta ce ba ta ganin allo. Shekara guda ba wanda ya tambaye ta. Ku tambayi yaranku: wane darasi ne yake ba ka tsoro, wa yake cin zalinka, me kake so ka iya kafin a koma? Ku yi shiru ya gama, kada ku katse shi da faɗa, in ba haka ba gobe ba zai sake buɗe baki ba.

In ba shi waya ya yi karatu da ita?

Kina zaune kusa da shi, e. Shi kaɗai a ɗaki, a'a.

Mun je arewa ganin dangi. In ya makara da mako ɗaya ba komai ko?

Da komai. A makon farko nake sauraron karatun kowane yaro ɗaya bayan ɗaya, in san inda zan ɗora. Ku dawo da shi kwana biyu kafin a buɗe, ya huta, a wanke masa yunifom.