Don Allah a daina ɗaukar mai hatsari kamar buhun masara

A ɗakin taimakon gaggawa nake aiki a nan Bauchi, kuma hannuna ake damƙa ɗaliban agajin gaggawa idan sun baro aji sun zo koyon aiki a aikace. Kafin in bar ɗalibi ya taɓa allura, sai ya yi kwanaki yana koyon riƙe kai kawai. Mutum huɗu kan majinyaci ɗaya: ɗaya ya durƙusa ya tallafe kan da hannu biyu, shi ke ƙirga, ukun su mirgina jikin lokaci guda kamar gungumen itace. Da mutum-mutumin roba suke farawa, sannan su riƙa kwantar da junansu. Kai ya ɗan karkace, a koma farko. Har haushina suke ji.

To amma ina amfanin wannan wahala, in an gama ɓarnar tun a bakin titi?

Kwanan baya aka kawo mana wani ɗan acaɓa daga hanyar Jos, an naɗe shi a bayan Keke Napep, kansa na reto a waje. Wata ɗalibata ta tsunkuli babban yatsan ƙafarsa, ta sake tsunkula, sai ta ɗago ta dube ni. Yayansa na ta maimaitawa, "Malam, wallahi a can yana motsa ƙafar." Na yarda da shi. A can tana motsi. Tsakanin kwalta da ƙofarmu ne ta daina.

Ƙasusuwan wuya bakwai ne, laka ta ratsa ta cikinsu. In ɗaya ya tsage kuka fizgi mutum, ƙashin ya goce ya danne lakar, ita kuwa ba a ɗinke ta. Iyakar bayanin ke nan.

Na san tausayi ne ke sa ku. Mutanenmu ba sa wuce mai hatsari, Allah Ya saka muku da alheri. Amma haba jama'a! Wannan ya kama hannu, wancan ya kama ƙafa, wani na jan riga, wani ya zaunar da shi yana ɗura masa ruwan leda. Sau nawa za mu faɗa? Sauri ya haifi nawa. Abin da ya fi ƙona min rai, in aka yi dace ɗalibinmu na wurin ya ce a dakata, sai a ture shi, wai yaro ne, me ya sani. Yaron nan ya ɗaga mutum ta hanyar da ta dace har hannunsa ya saba. Kai sau nawa ka yi?

Hanyar Alkaleri zuwa Gombe, hanyar Ningi, duk labarin ɗaya ne, balle lokacin sallah.

Ga abin yi, a gurguje:

- A tsayar da motoci, a kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112.
- Mutum ɗaya ya riƙe kan yadda ya same shi, kar ya saki. Kar a fizge hular kwano.
- Inda jini ke zuba, a danne da tsumma mai tsabta.
- Ba ruwa, ba zaunarwa.
- Sai in akwai wuta, ko mota za ta bi ta kansa, ko ba ya numfashi, sannan a matsar da shi.
- In babu motar asibiti, a nemo ƙyauren ƙofa ko faffaɗan katako, mutum huɗu su mirgina shi a kai, a sa shi a a-kori-kura a miƙe. Mai riƙe da kai ya hau tare da shi, har sai mun karɓa daga hannunsa.