Waiwaye: Yadda bashin banki ke rikiɗewa ya zama na gwamnati

Layin dogon da ya tashi daga tashar Idu a Abuja zuwa Rigasa, wanda aka buɗe a 2016, da rancen dala miliyan 500 na bankin Exim na China, wato bankin gwamnati mai tallafa wa cinikin ƙetare, aka shimfiɗa shi, kuma kamfanin China, CCECC, ne ya yi aikin. Kuɗin da ɗan kwangilar duk gida ɗaya suka fito, kuma haka wannan tsari na gwamnati ta tsaya wa bashi don a sayi kayan ƙasarta a ƙetare yake tun asali.

Turawa ne suka faro shi. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta kafa hukumar ECGD don ta tsaya wa masu sayar da kayanta a ƙetare: ku bayar bashi, in an hana ku, baitulmali zai biya. Amurka ta kafa nata bankin Exim a 1934, Faransa ta kafa Coface a 1946. Kasuwa suke nema wa masana'antunsu na gida.

Najeriya ta ɗanɗana kuɗarta. Da kuɗin mai ya shigo a shekarun 1970 har zuwa zamanin Shagari, aka yi ta odar kaya bashi, bankunan Turai na sakin hannu tunda an riga an tsaya musu. Mai zuwa rafi da tulun wani ai ba ya tsoron santsi. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, Babban Banki ya rasa kuɗin waje. Hukumomin nan suka sallami bankunansu, suka karɓe takardun bashin. Daga nan magana ta koma tsakanin gwamnati da gwamnati a teburin Paris Club, ƙungiyar ƙasashe masu bin bashi, kuɗin ruwa da tara suka yi ta hawa a zamanin soja har abin ya kai kusan dala biliyan 30, Birtaniya ce kan gaba a masu bin mu. Sai a 2005 Obasanjo da Ngozi Okonjo-Iweala suka samu aka yafe biliyan 18, aka biya kimanin biliyan 12 daga rarar kuɗin mai.

China ta shigo a makare, da bankin Exim a 1994 da kamfanin inshorar Sinosure a 2001, amma ta yi sauri. A 2020 Majalisar Wakilai ta tayar da jijiyar wuya kan sharaɗin da ke bai wa mai bin bashi damar maka Najeriya a gaban alƙalan waje, ministan sufuri na lokacin, Rotimi Amaechi, ya ce haka ake rubuta kowace yarjejeniya irin wannan. A ganina, da sun fi kyautawa in sun matsa kan yadda ake yanke farashin aiki alhali mai ba da rancen ne ya zo da ɗan kwangilarsa.